Ƙirjin Mai Ƙanƙara

"Karɓe ta!"

Auta ta faɗa tana kwance ƙullin zanin da ta ɗaure jaririyar da shi a ƙirjinta.

"Minti biyar kawai. In watsa ruwa in fito. Kwana biyu ke nan ruwa bai taɓa bayana ba!"

Mijin nata ya ja da baya har sai da ya bugi ƙofa, ya kai hannuwansa biyu baya ya ɓoye.

"Bari in kira Umma..."

"Umma ce ta haife ta?"

"A'a, amma..."

"Ko Umma ce ubanta?"

Ya kawar da kai.

"Magana nake maka, Yallaɓai!"

Ya san in ta kira shi Yallaɓai to rai ya gama ɓaci. Ya saci kallon ɗan kan da ke leƙowa daga wuyan rigarta cikin hular ulu, ya ce a hankali:

"Na makara wurin aiki, Autata. Na tafasa kofin nononta, na shanya tsummokaran. Allah Ya ƙara sauƙi."

Sai ƙarar ƙofar waje.

Kai jama'a! Allah Ya ƙara sauƙi, sai ka ce maƙwabci ya zo dubiya! Auta ta mayar da ƙullin zanin tana jan tsaki, hawaye na zubo mata na takaici.

Bakwaini ta haifa. Wata bakwai cif aka yi mata aiki aka ciro 'yar, ba ta kai tsawon takalmin ubanta ba. Kwana goma sha tara ta yi a kwalba, yau kuma kwana goma sha biyu da dawowarsu gida. Mitsila suke ce mata, don babu sunan da ya fi dacewa da ita.

Da za a sallame su nas ta jera dokoki kamar za a shiga aikin soja. A ɗaure ta a ƙirji, fata da fata, kusan wuni guda, don jikinta bai iya riƙe ɗumi da kansa ba. Ba wanka, sai goge jiki. Ba ruwa, ba komai, sai nono. Nonon ma ba ta da ƙarfin tsotsa, sai an tatsa a ɗan kofi an kafa mata a leɓe tana lasa kamar 'yar kyanwa, duk bayan awa biyu. In ta yi barci a tsakiya a sosa mata tafin ƙafa. Mai tari ko mura kada ya shigo. A riƙa sa mata ma'aunin zafi a hammata, in ya sauka ƙasa da talatin da shida da rabi a ƙara rufe ta, in ya ƙi hawa a rugo asibiti.

Duk wannan Auta ta ɗauka. Tatsar minti ashirin, bayarwar minti arba'in, kafin ta wanke hannu ta miƙe baya lokacin wata tatsar ya yi. Ga ɗinki yana ja, ga kafaɗa ta sage. Ba ta yi ƙorafi ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a maƙoshi. Wata guda da haihuwar yarinyar nan, ubanta bai taɓa ɗaukarta ba. Ko yatsa ba ta taɓa ganin ya ɗora mata ba.

Kuma ba wai mugun miji ba ne, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Shi ke wanki, shi ke tafasa kofin nonon, shi ke share ɗaki tun daga bakin ƙofa da doguwar tsintsiya. Amma ya kwashe shimfiɗarsa ya koma falo, in zai miƙo mata abu sai ya ajiye a kan kujera ya turo da ƙafa. Mutumin da lokacin tana da ciki yake kwantar da kai a cikinta yana yi wa 'yar hira har ta ture shi!

A kamfanin ƙanƙara yake aiki, shekara tara yana ɗauko manyan sanduna daga ɗakin sanyi yana loda wa motoci. Duk layin Mai Ƙanƙara ake kiransa. Umma, mahaifiyar Auta, da ta tare a gidan tun ranar sallama, ba ta taɓa son auren ba tun farko.

Umma ta ɗaga labule ta shigo da kofin shayi.

"Ya tafi ko?"

Auta ta karɓi kofin ta ajiye gefe.

"Ni dai na faɗa tun ba a je ko'ina ba. Mutumin da ke wuni a cikin firiza, wace zuciya za ta rage masa? Kika ce ke shi kike so, kika ƙi ci kika ƙi sha. To ga shi nan."

"Umma don Allah..."

"Don Annabi. Ai ido ba mudu ba, ya san kima. Ya ga 'yar ba girma, ya cire rai da ita, shi ya sa ba ya so ya saba. Ni ba zan zuba ido ki ƙare a tsaye ba. Yayyenki mata biyu suna gida, ga ƙirji har ya yi yawa. Na yi magana da direba, yau da yamma zai zo mu tafi."

"Yau?!"

"Yau ɗin nan. In yana son ku ya biyo sawu, in kuma takarda ce ya aiko, ba a kanki aka fara ba."

Auta ta dafe Mitsila a ƙirjinta. Ta san Umma, in ta fita da ita daga gidan nan, dawowa sai wani ikon Allah. Kuma abin haushin, duk da wannan baƙin cikin, son bawan Allahn nan ko ƙwayar zarra bai ragu a ranta ba. Mtsww! So dai bai yi ba.

Wajen azahar, tana tsaka da lallaɓa Mitsila ta lashi sauran cokali biyun da suka rage, sai ga sallama cikin siririyar murya.

"Masu jego, a buɗe mana mu ga amarya!"

Ƙanwar mai gidan burodin bayan layi ce, wadda ke zama a kanta tana sayarwa. 'Yar Burodi ake ce mata. Kowa ya san kafin auren Auta ta yi ta aika wa Mai Ƙanƙara burodi mai zafi kyauta har ta gaji, bai ko gane abin da ake nufi ba.

Umma ta tare ƙofa.

"Daga nan ma ya isa, likita ya hana."

"Ayya, ba komai." Ta miƙo leda tana leƙe, turarenta ya cika falon. "Sannu Auta. Kai, kin rame! Ai kullum sai na ce masa, haba, ka riƙa saurin komawa gida mana, baiwar Allah tana can ita kaɗai."

Auta ta ɗago kai.

"Kullum?"

"Au, bai faɗa miki ba?" Ta dafe baki da lallen hannunta. "Wayyo ni da bakina! Ai da ya tashi aiki ƙarfe huɗu wurinmu yake zuwa, sai shida yake tafiya. Ya ce can ya fi samun natsuwa. Kin san maza ba sa son kukan jarirai, balle irin wannan da ba a san..."

Ta bar maganar a nan, ta yi murmushi, ta juya tana karairaya.

Ƙarfe shida! Shi da yake ce mata aiki ne ya ƙaru!

Umma ta dawo ɗaki. Akwati kawai ta jawo daga ƙarƙashin gado ta fara ninke kaya, tana yi tana girgiza kai.

Auta ta rasa inda za ta sa ranta. Nonon ma da ta zauna tatsa ƙin zuwa ya yi, sai da ta rufe ido ta yi ta salati. Tana nan tana fama da mililita ashirin da biyar, shi yana can yana samun natsuwa! Natsuwa! Lallai namiji.

Ƙarfe huɗu da rabi ta gama ba Mitsila, ta goge mata baki, ta auna ta. Sannan ta miƙe.

"Umma, buɗe rigarki."

"Me za ki yi?"

"Ki riƙe min ita. Ina da awa ɗaya da rabi kafin ta sake ci. In zan bar gidan nan, sai na ga abin da ya fitar da ni da idona."

"Ke Auta! Da ɗanyen ɗinki?"

Ina! Ta riga ta ɗaure mata jaririyar, ta zura hijabi ta fice.

Tafiyar minti uku ce, ta yi ta a goma, tana dafe da mara tana cije leɓe. Babu kowa a kantar gidan burodin. Ta bi ta gefen buhunan fulawa ta kutsa ciki, zafi ya daki fuskarta.

Sai ta tsaya cak.

Ga mijinta nan zaune a kan benci, dab da bakin tanderun da ake gasa burodi, inda ko ma'aikatan ba sa iya tsayawa. Ba riga a jikinsa. Gumi yana zuba daga gemunsa kamar an kwara masa ruwa. A ƙirjinsa kuma an ɗaure wani ƙullin abu da tsohon zaninta mai ruwan goro, wanda ta yi kwana goma tana nema. Hannunsa ɗaya ya tallafe ƙasan ƙullin, ɗayan yana shafa samansa, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Yi haƙuri, Baba ne... ba zan matse ki ba... kin ga, a hankali..."

'Yar Burodi ta matso kusa da shi, ta ɗora bayan hannunta a damtsensa, ta ɗan jima, ta taɓe baki.

"Hmm. Da saura. Har yanzu ina jin sanyin daga can ciki. Sai ka ƙara ko sati biyu."

Ya sunkuyar da kai kamar wanda aka yanke wa hukunci.

"Cire hannunki daga jikin mijina!"

Su duka suka zabura. Mai Ƙanƙara ya miƙe, amma ko a firgicen nan bai saki ƙullin ba, sai ma ƙara rungume shi da ya yi.

"Autata! Ina Mitsila? Me ya same ta?!"

"Tana wurin Umma. Mene ne wannan a ƙirjinka?"

Ya kalli ƙasa.

"Na ce mene ne?"

"Kwaɓi ne..."

"Kwaɓin me?"

"Na burodi. Kilo ɗaya da giram ɗari shida. Daidai nauyinta na ranar sallama."

Auta ta buɗe baki ta kasa rufewa. Ta ja bakin zanin. Curin kwaɓaɓɓiyar fulawa ne a leda, har da 'yar hular ulu an kifa masa.

"Innalillahi... Yallaɓai, ka haukace ne?"

"Koyo nake yi." Ya shafa kan curin. "Kuma ina gasa jikina."

"Kana me?!"

Ya koma ya zauna. Ƙaton mutum, mai ɗaukar sandar ƙanƙara biyu a kafaɗa ɗaya, sai ga shi yana share ido da bayan hannu.

"Ranar da ta kwana uku, ke kina kwance ba ki san inda kanki yake ba. Daga wurin aiki na wuce asibiti. Na zura hannu ta ramin kwalbar, na taɓa tafin ƙafarta da yatsa ɗaya. Ɗaya tak, Auta! Sai ta zabura, ta ƙanƙame jiki, na'ura ta hau ƙara. Nas ta taho a guje ta ce, Malam cire hannunka, hannun nan kamar ƙanƙara, ba ka san sanyi kashe su yake yi ba?"

Ya ja numfashi.

"Ranar ban runtsa ba. Shekara tara ina cikin sanyin nan. Da na zo sayen burodi na ba da labari, sai ita ta ce ai sanyin ya riga ya shiga ƙashina, irinmu ko mun ji ɗumi a fata, daga ciki muke fitar da shi. Ta ce in na ɗora 'yar a ƙirji zan zuƙe mata ɗumi. Sai dai in riƙa zama a bakin wuta kullum har ya fita, ita za ta riƙa duba min."

"Ita za ta riƙa duba maka."

"Eh."

"Da hannunta."

"...Eh."

Auta ta juya a hankali. 'Yar Burodi ta fara gyara ɗankwali.

"Ni fa taimako na..."

"Sannu likita! Sannu babbar asibiti! Kin ga mutum a tsorace, maimakon ki ce ya je ya tambayi masu abin, sai kika samu na gasawa kullum awa biyu, kika kuma kwaso ƙafa har gidana ki ƙarasa ni. Allah Ya isa tsakanina da ke, ban da lokacinki, ina da 'yar da zan ba nono!"

Daga bayan tanderu wani dattijo mai farin gemu da fulawa har gira ya leƙo da dogon cebur ɗin kwashe burodi a hannu. Mai gidan ne, yayan 'Yar Burodi.

"Yauwa 'yata, gara da kika zo. Tun ranar farko na ce masa lafiyarsa ƙalau, ya ce ni ba na gane ba. Kullum sai ya ɓata min curi guda, kafin ya tashi ya kumbura ya yi tsami. Ke kuma," ya nuna ƙanwarsa da cebur, "wuce kanta, za mu yi magana."

Auta ta dubi mijinta. Dariya na cinta, kuka na cinta, ga wani haushi kamar ta rufe shi da duka.

"Wata guda! Wata guda ina kuka ina cewa ka tsani 'yarka, Umma tana cewa ka cire rai da ita, ashe kana nan kana goyon fulawa! Bakinka ciwo yake yi? Me ya hana ka faɗa min?"

"Kunya na ji. Kuma na ji tsoron ki ce ni na sa ta ƙara kwana a kwalba."

"Hannunka ne ya yi sanyi, bawan Allah, don daga firiza ka fito! Ko ni na wanke hannu da ruwan sanyi sai na murza kafin in taɓa ta. Murzawa kawai! Minti ɗaya!"

Ya ɗago jajayen idanu.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan! Ajiye wannan abin ka wuce mu tafi. Direba yana hanya, Umma ta gama haɗa kaya."

"Kaya? Ina za ku?"

"Gidanmu. In ba ka ɗauki 'yarka yau ba, wallahi bin ta zan yi."

Ko rigarsa bai tsaya ɓalle maɓallai ba.

Da suka isa, akwatuna biyu suna bakin ƙofa. Umma ta dube shi sama da ƙasa, fulawa a ciki, gumi a wuya, ta kawar da kai. Auta ta tura shi banɗaki ya yi wanka da sabulu, ta sa ya wanke hannu har gwiwa sau biyu. Ta zaunar da shi a kujerar ɗaki, ta sa filo a bayansa, ta goge ma'aunin zafi ta cusa masa a hammata.

Ma'aunin ya yi ƙara. Ta kai masa har hanci.

"Karanta."

"Talatin da shida... da takwas."

Ta sa a tata hammatar, ta sake nuna masa.

"Talatin da shida da bakwai. Ka ma fi ni, Malam mai sanyin ƙashi."

A waje mota ta yi hon.

Auta ta je gaban mahaifiyarta ta durƙusa, duk da ɗinkin da ke ja, ta ba ta labarin a gurguje. Umma ta saurara, fuska a ɗaure.

"Fulawa?"

"Da hula, Umma."

"Oh ni jikar mutum huɗu! Wannan wauta da me ta yi kama?" Sannan ta fara kwance zanin da kanta. "To in gani. In ya ja da baya, mota za mu shiga."

Auta ta karɓi Mitsila, daga ita sai ɗan kunzugu da hula da safa. Ta nufo shi. Hannuwansa suka fara zamewa za su koma baya.

"Kalle ni, masoyi," ta ce, muryarta ta sauko. "Ni na zaɓe ka, ban yi kuskure ba. Buɗe hannunka."

Ya buɗe.

Ta kwantar da ita a tsakiyar ƙirjinsa, ƙafafu a naɗe kamar 'yar kwaɗo, ta juya mata kai gefe don hanci ya samu iska. Kafin ta nuna masa yadda ake tallafewa, hannunsa ya riga ya je wurin, daidai, ba gyara. Ta ja zani ta ɗaure su tare.

Mitsila ta yi 'yar ƙara, ta motsa, ta murza fuska a jikinsa. Ya ƙame, ko numfashi ya daina.

"Yi numfashi mana, kada ka sume min a nan!"

Ya saki iska a hankali. Yarinyar ta buɗe ɗan hannunta, ta damƙi gashin ƙirjinsa, ta lafe.

Hon ya sake tashi, har sau uku. Ba wanda ya motsa. Sai da aka yi rabin awa Auta ta zura ma'aunin a hammatar jaririyar. Ya rufe ido gam, leɓɓansa suna motsi.

"Nawa?" ya tambaya da ƙyar. "Auta, faɗa min gaskiya, nawa?"

"Talatin da bakwai cif."

Sai kuka ya ƙwace masa, irin na manya, marar sauti, kafaɗu kawai ke rawa.

"Kai, kada ka jiƙa mata hula, ita ke nan mai tsabta!" in ji Auta, alhali ita ma fuskarta sharkaf take.

Umma ta miƙe, ta gyara mayafi, ta nufi ƙofa tana gunaguni.

"Bari in sallami bawan Allahn can kafin ya tara mana jama'a. Ku kuma Allah Ya shirye ku, daga uban har uwar, ban san wanda ya fi wani taurin kai ba."

Da ta fita, Auta ta zauna a hannun kujerar, ta jingina kanta da kafaɗarsa. Gajiyar wata guda ta sauko mata gaba ɗaya.

"Autata..." ya raɗa, ko kai bai iya juyawa ba. "Wani abu yana motsi a nan, da sauri-sauri. Lafiya kuwa?"

Ta ɗora hannunta a kan nasa.

"Zuciyarta ce. Wata guda ke nan tana jiran ka ji."